Asibitin idon da muka kai autanmu bayan roba ta dauke shi a ido

In dai maganar duba ido ce wannan asibitin sun iya aikinsu, ko gobe wani ya samu matsala a gidanmu can zan kaishi. Amma wajen karbar mutane a kofa da wajen saida magani akwai gyara sosai, shi yasa ma bazan kama suna ba, tunda akwai korafi a maganata kuma bana so ace na zo bata wa mutane sana'a. Asibiti ne mai zaman kansa a cikin Kano, karami ne, ido kawai suke dubawa, akwai dakin likita, dakin gwaji, sai dan wajen magani da shagon gilashi a gefe.

Autanmu dakon kayan miya yake a babur daga 'Yankaba. Wanda yasan wannan sana'ar yasan robar nan ta tsohon tiyub da ake yankawa a daure kwando da ita. Yana cikin ja zai zagayo da ita ta kwace daga daya bangaren ta dawo ta dauke shi a idon dama. Ba jini, ba yanka, fatar ido ce kawai ta dan tasa, hawaye ya zuba ya wanke da fiya wata ya cigaba da aikinsa har yamma. Ranar ma har kallon kwallo yaje. Abin bai tashi ba sai daga baya, ido yayi jajir, ga wani zugi daga can ciki da yake cewa har cikin kansa yake jinsa, ga shi ko kadan baya son haske, daki yake shiga ya saki labule ya kwanta, wayarsa ma baya iya kallo. A gida kowa yace apolo ce. Kyamis din layinmu ya bashi kuloramfenikol na digawa, wata makociyarmu tace a samu mai shayarwa ta tatsa masa nono a ciki, wani yace ruwan sukari, Inna kuma tana ta maganar kwalli. Kuloramfenikol din kawai ya diga kuma ba abinda ya canza, sai ma ganin da ya fara yin hazo-hazo. Wannan hazon ne ya daga min hankali nace ya tashi mu tafi.

Bari in fara da abinda ya bata min rai tunda shi muka fara tararwa. Layi daya ne wa kowa. Wanda yazo canza gilashin karatu da wanda yazo da rauni a ido duk benci daya, lamba daya, wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga. Na yi wa yarinyar dake yankan kati bayani nace baiwar Allah duka ya samu a ido kuma ganin yana raguwa, ko dago kai batayi sosai ba tace kowa ma da lalurarsa yazo, mu zauna za'a kira. Gaskiya wannan ba daidai bane a asibitin ido. Namu Allah ya taimaka jiran bai cutar dashi ba, amma da wanda siminti ko ruwan batir ya fallatsar wa ne fa, wanda shi minti daya ma yana da muhimmanci, ana so a fara kwarara masa ruwa nan take? Ya kamata ace akwai nas a kofa da zata rika tambayar kowa me ya kawo shi ta ware masu rauni. Ga dakin jiran an kunna fitilu farare tas ga talabijin, yaron nan haka ya zauna ya rufe fuska da hularsa har aka kira mu. Sai kuma nas ta fara gwaji NEPA suka dauke, aka dau lokaci ana neman mai tada janareta.

Daga lokacin da muka shiga ciki kuma labari ya canza.

Nas ta fara sashi karanta allon nan mai harafin E da yake juyawa sama da kasa, ido daya bayan daya, ana rufe dayan. Na hagu ya karanta har layin 6/6, wato cikakken gani, na dama ya tsaya a 6/18, wato ganin ya ragu. Ta rubuta. Naji dadin yadda ta goge wajen dora haba da goshi na na'urar duba ido da auduga da sifirit a gabanmu kafin ya zauna, don a lokacin da apolo ke yawo ta irin wannan wajen ake dauka.

Likitan ba tsoho bane, kuma da Hausa yayi mana komai, wannan kadai ya biyani. Yace Malam me ya sameka, yaro yace likita roba ce. Bai barshi a nan ba, ya tambayi ko akwai karfe ko kugiya a bakin robar, yaushe abin ya faru, yaushe zugin ya fara, me da me aka zuba a idon, har kwalbar maganin kyamis ya karba ya juya ya karanta. Sannan yayi wani abu da ya tsaya min a rai. Ya sa yaron ya rufe idon mai ciwo da tafin hannu ba tare da ya danna ba, ya haska tocila a lafiyayyen, sai ga yaro ya zabura yace wash, zafin a wancan na rufe yake jinsa. Likita ya juyo yace min kai ne yayansa ko? To ka gani, wannan ba apolo bace. Yace in aka haska ido daya duka biyun suke tsukewa tare, to shi bakin idon nasa na dama ya kumbura, duk sanda ya motsa zai tsuke sai yayi ciwo. Apolo kaikayi take da kwantsa da jin kamar yashi, bata yin wannan zugin na ciki, kuma bata cika rage gani ba.

Daga nan ya taba masa wata 'yar siririyar takarda mai ruwan lemo a gefen ido, ido ya rine, ya kunna shudin haske a na'urar. Yace in akwai kurjewa ko gyambo a gilashin gaban ido wajen zai fito kore shar. Babu. Ya sake dubawa da siririn haske ya dade yana kallo, har ya kirani yace in leka. Ni dai ba wani abu na gane sosai ba amma na ga wasu 'yan kananan abubuwa suna yawo a cikin hasken, kamar kurar da kake gani in rana ta shigo daki ta kafar taga. Yace wannan ruwan dake tsakanin gilashin ido da bakin ido garau ya kamata ya zama, wadannan fararen kwayoyin jini ne da kumburin ya tara. Dukan da robar tayi ya girgiza bakin idon, shine ya kumbura, kuma yawanci ba a ranar yake nunawa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi yasa mutane basa danganta shi da dukan sai suce wani ciwo ne daban ya shigo.

Ya auna karfin ruwan ido, wanda muke cewa hawan jinin ido in ya hau. Yace daidai shine tsakanin 10 zuwa 21, nasa a ranar yana ciki. Sai ya tambayi jinotayif. Na yi mamaki nace likita me ya hada ido da sikila, yace ai duk wanda aka daka a ido sai ya tambaya, saboda wani lokacin jini yana taruwa a gaban bakin ido, har zakaga ya kwanta a kasa ja ko baki, to in mutum SS ne ko ma AS, kwayoyin jinin suna lankwashewa a wajen su toshe hanyar da ruwan ido yake fita, karfin ya hau, jijiyar gani ta lalace da wuri fiye da ta sauran mutane, kuma akwai magungunan sauke karfin ido da ba'a son bawa mai sikila. Autanmu AS ne. A kasar da kusan mutum 1 cikin 4 yake dauke da AS wannan tambayar ba karama bace, kuma wallahi ban taba jin wani kyamis yayi ta ba. Shi dai ba'a ga jinin a nasa ba, amma duk da haka likita ya hanashi asfirin da ibufurofen da daikulofenak na 'yan kwanakin farko, yace suna iya sa jini ya tsinke, farasitamol kawai zai sha, ya kuma daga kai da filo in zai kwanta, banda dauke kaya masu nauyi.

Bayan nan aka diga masa maganin bude ido muka koma benci muka jira ya bude, aka sake kiransa likita ya sa wata fitila a goshi ya duba can bayan idon, yana cewa kalli sama, kalli dama, kalli kasa. Yace duka irin wannan yana iya yaga shimfidar dake bayan ido wadda ita ke daukar hoto, in ta yage ba'a gani ba daga baya ta daye, wannan kuma sai tiyata. Nasa lafiya lau. Amma ya ja masa kunne, in ya fara ganin walkiya, ko bakaken abubuwa suna yawo da yawa lokaci daya, ko duhu ya rufe gefe guda, kar ya jira ranar da aka bashi, ya taho ko da yaushe ne.

Duk wannan dubawar ita ce abinda na biya kudi dominta kuma ban ji ciwon ko sisi ba. Don ga abinda ya faru a karshe, maganin da likita ya rubuta sitiroyid ne, firednisolon na digawa mai 1%, irin jinsin maganin da ake ta gargadin mutane kar su saya a kyamis. Na tambayeshi nace likita ba shine ake cewa yana makantarwa ba? Yayi murmushi yace shine, kuma gaskiya ne, shi yasa sai da ya sa rinin nan ya tabbatar gilashin idon ba gyambo kafin ya rubuta. A idon autanmu shine maganin, shi zai kwantar da kumburin. A idon da yake da gyambo kuwa, musamman wanda kara ko ganye ya tsokana, sitiroyid yana danne garkuwar idon, jan ya ragu mutum yaji dadi yace magani yayi, alhali a karkashi kwayar cutar tana ci har ido ya huje. Daga waje kuma duka biyun jan ido ne da hawaye, mai kyamis bashi da yadda zai bambance, ni ma bani da shi.

Kuma na ga misalin da idona a bencin nan. Wani dattijo daga kauye, da dansa ya rako shi, yace karan gero ne ya soke shi suna girbi. Sun yi ta diga wani magani da suka saya a kasuwar garinsu, ya nuna min kwalbar, irin hadin nan ne na maganin kwayar cuta da sitiroyid a kwalba daya, mai arha, wanda ake bayarwa da ance ido yayi ja. Tsakiyar bakin idonsa yayi fari fat, hawaye na bin kuncinsa yana sharewa da bakin rawani. Da suka fito daga wajen likita dan yace min an basu takarda zuwa babban asibiti, ance a nan baza'a iya ba. Har yanzu in na tuna fuskar dattijon nan raina baci yake, don ba sakaci yayi ba, magani ya nema, abinda aka mika masa ne ya karasa idon. Lokacin kaka irin wannan yana da yawa, ku da kuke da iyaye a gona dan Allah ku fada musu.

Wannan ma wani abin yabo ne a wajensu, basa rike abinda yafi karfinsu. Likitan da bakinsa yace da idon autanmu ya fashe ne ko wani abu ya shige ciki ba zai ajiye mu ba, tura mu zai yi inda ake tiyata, ya ambaci Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA dake Sabon Gari wanda yake aiki tun 1943, da Cibiyar Ido ta Kasa a Kaduna. Yace in ana zargin ido ya fashe ba'a diga komai, ba'a wankewa, ba'a dannawa, ba'a ciro abinda ya makale, a yanko gindin kofin roba a kifa a kai a manne da filasta, kuma kar a bawa mutum abinci don wata kila a sa masa maganin barci a shiga dashi tiyata. Irin wannan raunin mai huda ido shine wani lokacin, ba kasafai ba, yake jawo lafiyayyen idon shima ya kumbura bayan makonni ko watanni ko ma shekaru, garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa duka biyun. Louis Braille, Bafaranshen da ya kirkiro rubutun makafi, an haife shi a 1809, yana dan shekara 3 ya soki ido daya da abin aikin dukancin babansa, daga baya dayan ma ya tafi, kuma likitoci da yawa suna ganin wannan ciwon ne. Shi yasa duk wanda ido daya ya taba hujewa in dayan ya fara ja ko kin haske ba abin wasa bane.

Magani na biyu atrofin ne, shi kuma aikinsa ya bude bakin idon ya hanashi motsi don ya huta, zugin ya sauka, sannan kar bakin idon ya manne da madubin dake bayansa, don in ya manne zakaga kwayar idon ta karkace ta daina zama zagaye kuma yana iya toshe hanyar ruwa. Gaskiya atrofin din nan shi ya fara bashi barci, zugin ya sauka tun kafin jan ya fara washewa. Amma yana da nasa, gani na kusa yana dushewa, rana tana dukan ido sosai, kuma ko an daina sai ya kai sati daya zuwa biyu kafin idon ya koma yadda yake. Likita ya fada mana tun farko don kar mu tsorata, yace ya nemi bakin gilashi, babur kuma a ajiye shi. Nan ne aka yi daga da yaron, yana cewa Yaya to me zan ci, kwastomomina wani zai dauke. Likita bai yi masa fada ba, yace Malam kwastoma yana dawowa, ka bani 'yan kwanakin nan. Ya kuma ce a boye kwalbar atrofin inda yara baza su kai ba don guba ce in yaro ya sha.

Sai wajen magani, inda raina ya sake baci. Kudin firednisolon dinsu ya kusa ninka na babban famasi da na tambaya daga baya, kamfani daya kwalba daya. A ranar na saya a wajensu don ina tsoron jabu kuma ina so a fara digawa nan take, kuma na san suna da kudin haya da na dizal, amma ribar tayi yawa, talaka zai iya fasa saya ya koma wa kyamis, wanda kuma shine abinda ake gudu. Na biyu mai bada maganin bai yi mana bayanin komai ba, ya zana layi-layi a jikin kwali ya miko. Nas din farko ce da ta ganmu zamu fita ta tsayar damu tace an fada muku a girgiza wannan? Ashe firednisolon din farin ruwa ne mai kwanciya, in ba'a girgiza sosai ba ruwan banza kake digawa maganin yana kasa. Ita ta koya mana a bada minti 5 tsakanin magani da magani, digo daya ya isa, kar bakin kwalba ya taba ido ko gashin ido, a rufe ido a dan danna lungun dake kusa da hanci na minti daya don kar maganin ya gangara makogwaro, kuma kwalbar da aka bude in ta wuce sati 4 a yar. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Amma bai kamata ace sai an yi sa'ar haduwa da ita a kofa ba, me zai hana su buga 'yar takarda da Hausa, da boko da ajami ma, su rika sakawa a ledar magani? Mutanen kauye nawa ne suke fita daga nan basu san a girgiza ba?

Shagon gilashin kuma sun dan matsa. Muna fitowa wani ya tare mu wai yaro yana bukatar gilashi mai hana hasken waya, alhali likita bakin gilashin rana kawai yace, wanda muka samu a bakin titi da kudi kadan. Ban ga laifin talla ba amma mutumin da idonsa yake a kumbure an diga masa atrofin ba lokacin auna masa gilashi bane, kuma su sun fi kowa sani.

Komawar da muka yi ta kara min yarda da likitan. Ba'a sake karbar kudin ganin likita ba, kuma shi din dai muka samu, ya bude fayil ya tuna da mu. Duk zuwa sai an auna karfin idon, ba'a taba tsallakewa ba. A daya daga ciki aka samu ya hau zuwa 25. Yaro baya jin komai, shi a wajensa ma sauki yake samu, ja ya ragu zugi ya tafi. Likita yace abinda yasa yake nacewa a dawo kenan, hawan karfin ido baya ciwo sai ya yi nisa, kuma kumburin kansa yana iya hawar dashi, sitiroyid ma yana iya hawar dashi a wasu mutanen. Kafin ya kara masa timolol, maganin sauke karfin ido, sai da ya tambaya ko yana da asma ko ciwon zuciya, don wannan digon yana iya tada asma. Firednisolon din kuma bai ce a tsaya lokaci daya ba, a hankali ya rika rage yawan digawar, yace in aka yanke kwatsam kumburin yana iya dawowa. Anan ma sai da na tsaya a kan yaron, don da yaga ido ya washe cewa yayi ya warke a bar maganin, wani abokinsa kuma da idonsa yayi ja har yazo aron ragowar kwalbar, na hana, na bashi labarin dattijon nan.

Yanzu Alhamdulillah ya koma 6/6, karfin ya sauka an cire timolol, kwayar idon ta koma daidai da 'yar uwarta, ya koma kan babur dinsa. Likita yace irin nasa yawanci cikin sati 1 zuwa 2 yake kwantawa in an kama shi da wuri. Amma bai sallame shi kwata-kwata ba. Ya dora masa wani dan madubi a kan ido ya duba lungun da ruwa yake fita, yace duka yana iya tsaga wajen, kuma wanda wajen ya tsage yana iya samun hawan jinin ido bayan shekaru masu yawa, lokacin ya manta ma an taba dukansa, yanar ido ma tana iya fitowa da wuri a idon da aka daka. Don haka duk shekara yazo a auna ko ba abinda yake ji. Ya rubuta masa a bayan kati da hannunsa, raunin roba, idon dama, AS, yace duk asibitin da yaje nan gaba ya nuna.

Wani abu da na so ace suna dashi shine gilashin kariya. Shago guda cike da firam na gayu amma da na tambayi na masu aiki, mai kauri da yake rufe gefe, babu ko daya, sai a wajen masu saida kayan gini na samo masa. Asibitin da yake ganin masu walda da masu garanda da makanikai da masu fasa dutse kullum ai shi ya kamata ya fara ajiye wannan a kan kanta da arha. Robar ma mun canza, yanzu igiya yake daure kaya da ita mai dan karfen dannewa, in kuma dole sai roba to ya kauda fuska daga saitinta in zai ja.

Wanda zai je irin wannan asibitin, ya tafi da sassafe, ya tafi da duk kwalbar da aka riga aka diga ko da ta gargajiya ce a fada wa likita gaskiya ba zai kore ka ba, ya san jinotayif dinsa, kuma ya samu mai rako don in aka bude ido baza ka iya tuka komai ba, karatun waya ma sai a hankali. Ka rike tsabar kudi a aljihu, mu ranar POS dinsu ba netwok sai da na fita bakin titi na ciro. In rauni ne kuma kar ka zauna shiru a benci, ka wuce mai yankan kati ka nemi nas kai tsaye ka fada mata duka ne ko tsokana ce ko wani ruwa ne ya shiga, su na ciki suna saurara.